Gida Ɗaya, Rasit Ɗaya

Jama'a, Tsarin Mulki na 1999 ya ba Ƙananan Hukumomi ikon kimanta gidajen mutane don karɓar kuɗin gida, amma ya ce Majalisar Dokoki ta Jiha ce za ta yanka yadda za a karɓa. To, mu tambayarmu ɗaya ce ga Majalisar Kano: mene ne gida?

Kada wani ya ɗauka wasa mu ke yi. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi hanyoyinsa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, gidan manomi a ƙasar nan ya sake kama. Wanda ke noman shinkafa da damina, ya koma alkama da tumatir da rani, tilas ya gina ɗakin ajiye buhuna, ya kafa rumfar da zai kwantar da injin ban-ruwa da babur ko amalanke. Matarsa kuma ga tukwanenta na turara shinkafa a bayan gida. Ashe idan ba a rubuta doka sarai ba, mai kimantawa ba zai iya tsayawa a ƙofa ya ƙirga gida, ya ƙirga sito, ya ƙirga gareji, ya yanka rasit uku ba? Alhali mutum ɗaya ne, katanga ɗaya, aljihu ɗaya. Mutumin nan fa akwai kuɗin ruwa na Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are a kansa, ga taki, ga mai, tun bai ga ƙwayar shinkafa ba.

Mun san wannan hanya. Iyayenmu sun ga malaman taki na En'e suna auna gona da ƙafa, sun ga yadda ake ƙirga saniya da ɗan maraƙinta. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya kashe haraji da jangali. Ba mu yarda a dawo da su ta taga ba.

Ba mu ce kowa ya tsira ba. Attajirin da ya gina babban sito a bakin titin Zariya yana ba 'yan kasuwar shinkafa haya, wannan sana'a ce, ya biya nasa daban, kuma da nauyi. Haka mai filin da manyan motocin tumatir ke kwana yana karɓar kuɗi. Amma ɗakin da mutum ya zuba amfanin gonarsa, da rumfar da ɗan haya ke jingina babur a gidan da ya ke kwana, waɗannan jikin gida ne.

Legas ta haɗe kuɗin ƙasa da kuɗin gida cikin takarda ɗaya tun 2001. Mu abin da mu ke nema bai kai haka ba. Majalisa ta rubuta cewa gida da sitonsa da rumfarsa a kimanta su tare, a kafa jerin kuɗin a ƙofar sakatariyar Kura da ta Bunkure da Hausa, boko da ajami, yadda talaka zai karanta kafin ya sa hannu a aljihu.