Sau uku ana canza mana injekta, wai laifin man Najeriya ne

1/ Jama'a, yau da zafi na zo. Cikin wata 14, sau uku ana canza wa a-kori-kurarmu injekta, motar da muka saya sabuwa fil. Duk mai mota da garanti, ko mai shirin saya, ya tsaya ya karanta.

2/ Mai shan gas ce. Da ita muke ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa 'Yankaba. Ni da yayana muka haɗa kuɗi, har da bashi. Duk ranar da ta kwana a gareji, ranar sai mun yi hayar wata, ko kaya su ruɓe a gona.

3/ Ciwon iri ɗaya ne kullum. Da safe ta ƙi tashi, in ta tashi inji na rawa, ga baƙin hayaƙi, ga shan mai. Mu kai ta wurin dilan, su jona kwamfuta, su canza injekta, su ce "Alhaji an gama." Bayan wata huɗu, mu koma gidan jiya.

4/ A karo na uku manajan ya ce min: "Ka san man Najeriya. Wannan ne na ƙarshe da za mu yi kyauta." Kyauta? Malam, kuɗin garanti yana cikin kuɗin motar. Ba sadaka kuka ba ni ba.

5/ Ban ce manmu tsarkakakke ba ne. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, NNPC da kanta ta amsa. Akwai masu gauraya gas da kananzir, akwai tankunan da ruwa ke shiga. Duk gaskiya ne.

6/ To amma in mai ne, ku gwada mana. Ku ɗebi na cikin tanki a kwalba a gabana, ku kai a auna, ku ba ni sakamako a rubuce. Sau uku, ko cokali ɗaya ba ku ɗiba ba. Zargi ba hujja ba ne.

7/ Ga abin da ba sa faɗa. A injin gas na zamani, famfo yana tura mai da ƙarfin da ke kai wa bar 2,000. Tayar mota bar 2 zuwa 3 ce. Ramukan bakin injekta kuwa kaurinsu kamar silin gashi ɗaya ko biyu. Ɗan datti kaɗan ya isa.

8/ In famfon ya fara cinyewa, garin ƙarfe yake zubarwa cikin mai. Garin ya bi bututu ya shiga injekta, ya koma tanki ya sake zagayowa. Ka sa sabuwa sau goma, sau goma zai kashe ta.

9/ Gyaran gaskiya: a duba famfo, a buɗe filta a nemi ƙyallin ƙarfe, a wanke tanki, a canza bututun da garin ya bi, a duba matatar ruwa, sannan a shigar da lambar sabuwar injekta cikin ƙwaƙwalwar mota. Na tambaya ko sun duba famfo. Shiru. An bar jaki ana dukan taiki.

10/ Me ya sa? Injekta ɗaya ta fi arha a kan duk wannan aiki. Garantinmu shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa. Mun haura 80,000. Lallaɓa mu ake har wa'adi ya cika, sannan lissafin ya dawo kanmu.

11/ Masu cewa "ku kai ta Ƙofar Ruwa kawai", na gode, amma a'a. Bakanike na waje ya taɓa ta, sun samu abin da suke nema: garanti ya faɗi.

12/ Shawara ga 'yan uwa: kowane gyara ka karɓi takarda mai kwanan wata, kilomita da lambar matsalar da kwamfuta ta nuna. Ka ajiye rasit ɗin gidan mai. Ka nemi ganin tsohon kayan da aka cire. Ƙorafi a rubuce, ba ta waya ba.

13/ Kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da doka ta 2018 a bayanta. Tana karɓar ƙorafi. "Allah ya isa" kaɗai ba ya biyan bashi.

14/ Kun kawo motar Kano kun sayar, kun san man da za ta sha. Ba a Jamus kuka ce in tuƙa ta ba. Litinin zan kai musu takarda: ko su nemo tushen ciwon, ko mu haɗu a FCCPC. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya faɗa min yadda ta ƙare.