Takarda Ce Ke Shiga Ofis Kafin Mai Ita

 

Watan nan zancenmu a kan takardar neman aiki ne. Daga Matankari har Gesheme, daga Ɗan Kasari har Kore Mairuwa, akwai koperatif, akwai bankin cimaka, akwai kwamitin famfo. Kowanensu yana son mai riƙon sito da kuɗi. Sau da yawa in za a ɗauki mutum, takarda ake fara tambaya.

Bara wani ɗalibina ya nemi shugabancin sito na ƙauyuka da yawa. Shekara 6 yana riƙe da siton garinsu, ko tiya guda ba ta ɓata ba. Ya biya mai rubutu a bakin kasuwa. Ga abin da aka rubuta mashi: shi talaka ne, iyalinshi da yawa, a taimake shi don Allah. Shekara shidan nan ba a ambace su ba. Aka ba wani aikin. Ni ma ina da laifi. Na koya mashi lissafi, ban koya mashi wannan ba.

To, takardun biyu ne.

Ta farko ita ce wasiƙar neman aiki. Shafi guda ya isa. A sama ka sa sunan gari da kwanan wata, da sunanka, da lambar wayarka. Sannan ka sa muƙamin wanda kake rubuta ma. A nan a yi hattara. Tun 2011 Tibiri gunduma ce mai zaman kanta. Mutumin Dumega kada ya aika ma perefen Dogon Dutsi abin da ya shafi Tibiri. Bayan gaisuwa ka faɗi aikin da kake nema, da abin da ka iya, da abin da za ka yi in an ba ka. Ka sa hannu.

Ta biyu ita ce tarihin aiki, wadda ma'aikata ke ce ma CV. A nan ake jera sunanka, shekara da garin haihuwa, karatun da ka yi, da ayyukan da ka riƙe. Ka fara da na baya-bayan nan. Karatun yaƙi da jahilci karatu ne, na allo ma haka. Ka sa su. In kana jin Zabarmanci ko Fulatanci, ka faɗi.

Wani zai ce yabon kai jahilci. Gaskiya ne. Shi ya sa ba za ka ce "ni mai amana ne" ba. Ka ce: "Na riƙe sito shekara 6. Na karɓi buhu 120 na hatsi, na sayar lokacin bazara, na mayar da kuɗin cif a gaban kwamiti." Wannan lissafi ne, kowa yana iya zuwa ya duba littafi. Ka ba da sunan mutum biyu da suka ga aikinka, amma ka nemi izininsu tukuna. Kada ka ƙara ko buhu guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In aikin gwamnati ne ko na poroje, yawanci ana haɗawa da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta kotu mai shaida ba ka da laifi, wadda ba ta wuce wata 3 ba. Kwafi ake kaiwa, mai hatimi. Ta asali ta zauna gida cikin leda, nesa da gara.

Dokar ƙasa ta 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Saboda haka ka tambaya da wane harshe ake so. In Faransanci ne, ka fara rubuta taka da Hausa, da hannunka. Wanda ya juya maka ita, ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu.

Mata, zancen nan har da ku. Wadda ta riƙe asusun adashi shekara 3 tana da abin rubutawa.

Kowa ya rubuta tarihin aikinshi cikin littafinshi, ya kawo makaranta mu gyara tare. Ɗalibin nan nawa ya riga ya rubuta nashi, yana jiran wani kira.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.