Waiwaye: Yadda Jami'a Ta Iso Tawa

Shekaru da dama, duk ɗan Adar da ya ci jarrabawar bak hanyarsa ɗaya ce: Yamai. Jami'ar da aka kafa can a 1973, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdou Moumouni, ita ke ɗauke da ɗaliban ƙasar kusan baki ɗaya. Yaro daga Keita ko Buza zai ɗaure kayansa, uwa ta cusa masa garin rogo da ƙuli-ƙuli a buhu, ya yi tafiyar fiye da kilomita 500. 'Ya mace kuwa, sau da yawa maganar a zaure take mutuwa. Wane uba ne zai saki 'yarsa garin da ba shi da kowa?

A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i uku a Maraɗi, Damagaram da Tawa, bisa tubalin cibiyoyin koyon fasaha da ke garuruwan. Ta Tawa ta yi fice a fannin shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ga kuma sashen horar da malamai. Yau sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, kuma a ganina an sa ƙwarya a gurbinta. Shi ne masanin da a 1975 ya fitar da littafi kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya bi bakin dattawa ya tattaro labarin Agabba, wanda ya taso daga Agadas ya kafa sarautar Adar. Ɗalibin da ke shiga ƙofar nan, sunan wanda ya rubuta tarihin kakanninsa yake karantawa.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, har yanzu ido muke zuba wa gwamnati. Mu leƙa Katsina. A 2005 mutanen garin, ta hannun gidauniyarsu ta Musulunci, suka buɗe jami'ar da ake kira Al-Qalam, ba ta gwamnati ba. A Maraɗi ma, jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta ta buɗe a 2013.

Adar ba ta rasa masu hali. Kowa ya san kuɗin bida: daga Abijan, Kwatano da Libiya ake aiko su, su zama benaye da masallatai, Allah ya saka. To ina laifin attajiri ɗaya ya gina wa 'yan mata ɗakunan kwana kusa da jami'a, wani ya ɗauki nauyin ɗalibai goma daga Abalak ko Cintabaraden? Ƙasar da aka farfaɗo da fako ta hanyar tassa da jeren duwatsu, tun daga aikin Keita na 1984, tana da abin da za a bincika a rubuta, kuma 'ya'yan manoman da suka yi aikin suna zaune a azuzuwan Tawa, suna jiran mai biyan kuɗin binciken.