Kalmomi Talatin Kafin A Ɗaure Kaya



Dogon hutun makaranta ya matso. Wasunmu za su kai yara arewa su ga kakanni, wasu kuma da Allah ya hore wa za su ƙetare. Da masu ƙetarewar nake magana yau, musamman masu nufin ƙasar Sifen, da masu zuwa Malabo, wato birnin nan na ƙasar Ikwatoriyal Gini da ke tsallaken teku daga Kalaba. Sifen ce ta mulke su har 1968, kuma har gobe Sifaniyanci ne harshen makaranta da ofis a can.

Ra'ayina shi ne, kada magidanci ya ɗauki iyalinsa zuwa waɗannan wurare sai kowa a gidan ya haddace kalmomi kamar talatin na harshen.

Wani abokina da muke zaune tare a Agege ya ba ni labari. Ya kai iyalinsa Sifen, suka shiga wani gidan abinci, ƙaramin ɗansa ya nuna burodi mai nama a ciki. Mai kawo abincin ba ya jin Turanci. Har an ajiye faranti, sai Allah ya kawo wani Balaraben Maroko ya ce musu kada su ci, jamón ne, wato naman alade. Kalma ɗaya tak, jama'a!

To ga na farko. Cerdo shi ne alade, jamón kuma cinyarsa da aka busar. Sin cerdo na nufin ban da alade, sin alcohol ban da giya. Mezquita masallaci, agua ruwa. Na tafiya kuma: viaje tafiya, maleta akwati, billete tikiti, aeropuerto filin jirgi. Cuánto cuesta, nawa ne. Dónde está, ina yake. Yaro kuwa lallai ya iya cewa estoy perdido, na ɓata, yarinya ta ce perdida, sannan mi padre da mi madre, babana da mamata. A kula, harafin h ba a furta shi, j kuma daga maƙogwaro yake fita kamar na Larabci.

Kalmomin hutu ma suna da amfani, domin su ne ke gaya maka lokacin da kuɗin masauki ke tashi. Vacaciones shi ne hutu. A Sifen na verano, wato lokacin zafi, yana farawa ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, kuma a Agusta ƙananan shaguna da yawa kan rufe. Na Navidad, wato Kirsimeti, sai bayan 6 ga Janairu ake komawa aji. Akwai kuma Semana Santa, makon Ista. Idan ka ga cerrado a ƙofa, an rufe ke nan.

Wani zai ce ai Turanci ya isa, ga kuma waya mai fassara. Haba malam! Mu da muke zaune a Sabon Ibadan da Idi Araba da Fatakwal, wa zai koya mana darajar harshen mai gari? Duk mun san yadda gaisuwa ɗaya da Yarabanci ke sassauta farashi a kasuwa. Waya kuma caji na ƙarewa, yaron da ya ɓace cikin taro ba ta hannunsa.

Kuma harshen ba baƙo ne gare mu gaba ɗaya ba. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmomin Larabci birjik. Alcalde, magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali. Azúcar sukari ne, aceituna zaitun, hasta kuwa ɗan uwan hatta ɗinmu ne. Nuna wa yaro wannan, ka ga yadda zai sake.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba. Yaron da ba ya iya gaida kakarsa da Hausa, a fara gyara wannan tukuna. Bayan haka, kalma biyu kullum bayan sallar magariba, cikin mako biyu an kusa gamawa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san yadda zai yi tambayar.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Amin.