Lafiyar Iyali: Haukan Kare da Dangin Ƙwayarsa



Shari'a ta yarda a ajiye kare domin farauta ko gadin dabbobi da gona, sai dai wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyin abin da zai ɓata. Mafi muni shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kusan 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da yawa daga cikinsu yara ne.

Masana sun binciki halittar ƙwayar wannan ciwo, suka tarar tana da zuri'o'i kamar yadda mutane suke da dangi. Wadda ta fi yawo a karnukan yankinmu, daga Senegal zuwa Nijar da Najeriya da Cadi, ita suka sa wa suna "Afirka 2", ta kuma sha bamban da ta Maroko ko Tanzaniya. To, allurar da aka haɗa a Turai za ta yi aiki a kan tamu? Za ta yi, alhamdu lillahi, domin rigar da ƙwayar take sanye da ita, wadda jiki yake ganewa, kusan ɗaya ce a duk zuri'o'in. Wadda allurar ba ta tsarewa ita ce wata ƴar'uwarta ta nesa, Mokola, da aka fara samu a jikin jaɓa a Ibadan a 1968, amma ba kasafai ake gamuwa da ita ba.

Sanin dangin ya yi rana a Injamena. A 2012 da 2013 an yi wa sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, ciwon ya ɓace watanni da dama. Da ya dawo, bincike ya nuna daga wajen gari aka shigo da shi. Ashe birni ba ya tsira idan an bar karnukan ƙauye da na makiyaya.

Idan kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti ranar, ko da raunin ƙanƙane ne. A yi tofi da addu'a a kan hanya, amma kada a kwana gida ana jiran a ga alama, don da zarar ya fara gudun ruwa, likita ba shi da sauran dabara.