Kada Rubutun Ɗalibi Ya Ƙare A Teburin Malami

Sanin kowa ne cewa kukan da malamai ke yi a yau, tun daga sakandare har jami'a, shi ne ɗalibai ba su iya rubutu ba. Ni ma ina cikin masu kukan, amma a ganina akwai dalilin da ba mu cika ambata ba. Duk abin da ɗalibi zai rubuta a shekarun karatunsa mutum ɗaya ne ke karanta shi, wato malami, shi ma don ya ba da maki ne, daga nan takardar ta tafi wajen mai ƙosai. Wanda ya san wannan ne makomar rubutunsa, me zai sa ya wahalar da kansa wajen gyara jimla?

A ilimin harshe, mai magana yakan daidaita lafazinsa ne gwargwadon mai sauraronsa. Haka abin yake a rubutu. Wani malamin firamare a Faransa, Célestin Freinet, ya gane haka tun a 1924, inda ya shigar da ƙaramar na'urar ɗab'i cikin aji. Yara suka riƙa buga abin da suka rubuta, suna musayarsa da wasu makarantu. Mu ma nan gida muna da misali. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa matasan malamai ne da ba su daɗe da barin aji ba. Da suka san jama'a za su karanta, sai ga Ruwan Bagaja da Shaihu Umar.

Saboda haka shawarata ita ce kowane malamin harshe ya ɗora wa ɗalibansa rubuta gajeren bayani a kowane mako, a fitar da shi inda wasu za su gani: mujallar bango, ko jaridar makaranta, ko kuma ta wayar hannu inda hali ya samu. Batutuwan su kasance na kusa, kamar tarihin unguwa, ko kalmomin maƙera da majema da ke shirin ɓacewa, ko hira da wata tsohuwa kan waƙoƙin niƙa. Sannan a wajabta wa kowa ya karanta aikin abokan karatunsa biyu, ya yi musu gyara cikin ladabi.

Za a ce ai matasanmu kullum cikin rubutu suke a Facebook da WhatsApp. Gaskiya ne, amma wane irin rubutu? Ana sa q a madadin ƙ, ana haɗe "yana da" ta koma kalma ɗaya, ba a bambanta baki da baƙi ko kafa da ƙafa. Wannan ma hujja ce a gare ni. Sha'awar tana nan, jagora ne babu, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban ce babu haɗari ba. Na farko, magana zarar bunu ce, balle rubutacciya. Akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha gurfanar da mutane a ƙarƙashinta saboda abin da suka wallafa. Dole malami ya duba kowane rubutu kafin ya fita, ya koya wa yara bambancin suka da ƙazafi, ya kuma kare sunayen ƙanana, musamman 'yan mata. Na biyu, tun da ChatGPT ya bayyana a 2022 satar fasaha ta yi sauƙi. Maganinta shi ne a fara daftarin farko a cikin aji, a kuma zaɓi batun da sai an taka da ƙafa an tambayo. Na uku, kada a tauye makin ɗan talaka don ba shi da waya ko kuɗin data. Allo da takarda da gam sun wadatar.

Ina kira ga shugabannin makarantu da sassan koyar da harsuna su farfaɗo da ƙungiyoyin 'yan jarida na ɗalibai, su kuma sa wannan aiki cikin makin auna fahimta na zango. Jaridunmu su ma su ware wa ɗalibai fili, ko da rabin shafi ne a mako. Marubutan gobe suna zaune a azuzuwanmu yau. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.