Wai karatun hasken duwatsu ɓata lokaci ne? Ku zo mu yi lissafi

1/ Jiya na saka hoton aikin da nake yi na ajin ƙarshe, kan yadda ƙarafan da ake kira masu wuyar samu ke shan haske su fitar da shi a cikin kiristal. Wani ya ce: "Malam, haske za ka ci? Je ka koyi sana'a." Ban ji haushi ba, amma yau sai na ba shi amsa. Ku biyo ni 🧵

2/ Kiristal ɗin nan shi kaɗai fari ne tas kamar gilashi. Sai a barbaɗa masa ɗan ƙarfe kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100 na niyodimiyom. A haska shi, a auna wane launi ya sha, wane ya fitar. Aikin ke nan.

3/ Me ya sa waɗannan ƙarafan? Elektron ɗinsu masu harka da haske a ɓoye suke can ciki, wasu sun yi musu katanga. Shi ya sa duk kiristal ɗin da ka saka su, kusan launi ɗaya suke bayarwa, siriri, ba ya yawo. Injiniya na iya dogara da shi.

4/ Wani Gerhard Dieke a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya yi shekaru yana sanyaya kiristal yana auna layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a 1965, littafinsa ya fito a 1968. Har gobe da jadawalinsa muke aiki. Da a nan yake, da an ce ya rasa abin yi.

5/ A 1962 Judd da Ofelt, kowa a nasa gefen, suka fitar da lissafin ƙarfin kowane layi. Zallan lissafi, ba abin sayarwa. To ku ga abin da ya biyo baya.

6/ 1964: a Bell Labs aka kunna lezar niyodimiyom cikin kiristal ɗin YAG, mai haske a nanomita 1064. Yau idan an yi wa kakarka aikin yanar ido, daga baya gani ya sake dushewa, da ita likita ke buɗe hanya cikin 'yan mintuna, ba wuƙa.

7/ 1987: ƙungiyar David Payne a Southampton ta Ingila ta saka erbiyom cikin zaren gilashi, ya riƙa ƙara wa haske ƙarfi a wajen nanomita 1550. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da shi suke aiki. Wato zagin da ka yi min ma, ba mamaki ta cikin erbiyom ya wuce kafin ya iso ni 😂

8/ Tocilan ɗin wayarka fa? Shuɗin haske ne ake shafa masa garin YAG mai siriyom, ya mayar da wani ɓangare rawaya, ido ya ga fari. Duk daren da aka ɗauke wuta, hasken da ka ce ba a ci shi kake lalube da shi.

9/ Yanzu ga inda abin ke min ciwo. A tsaunukan Jos, cikin yashin da masu haƙar kuza ke bari, akwai monazayit. Cikinsa akwai siriyom da niyodimiyom. Namu ne, a ƙasarmu yake.

10/ Amma a buhu ake kwasarsa ɗanye a fitar. Mafi yawan tace ƙarafan nan a duniya China ke yi. Daga baya mu sayi leza da fitila da dala. Kuma yashin yana ɗauke da toriyom mai tururin nukiliya, yaran da ke wanke shi da hannu ba mai gaya musu.

11/ Wa zai iya cewa buhun nan ga abin da ke ciki, ga darajarsa? Wanda ya iya karanta layukan haske. Wanda bai iya ba, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa har da godiya.

12/ Na yarda, yunwa gaskiya ce. Ni ma ina gyaran waya a hutu. Kuma wallahi na'urar awon da nake rubutu a kanta sau ɗaya na taɓa ganin an kunna ta. Wannan abin a yi faɗa ne da masu riƙe da kuɗin ilimi, ba a yi wa ɗalibi dariya ba.

13/ Sana'a ba ta gaba da bincike. Wanda ya raina mai awo, shi zai dawwama yana sayar da yashi yana sayen fitila.

14/ In kana da ƙani mai son fiziks, don Allah kar ka kashe masa gwiwa. Mai ja kuma ya zo da hujja, ina nan. Allah ya sa mu dace.